Ilhan Omar da baƙon da ke kwana a zaurenmu

Duk wanda ya saba zama wajen mai shayi bayan sallar Isha'i a nan Sabo ya san cewa in aka ambaci sunan Ilhan Omar, fuskokin mutane sukan saki. Ana son ta a unguwar nan. Musulma ce, baƙar fata ce, ba ta fita kai a buɗe, ga shi kuma ta tsaya ta mayar wa Donald Trump magana ido cikin ido. Wannan kawai ya ishe mu mu ce tamu ce. Sai dai yawancinmu hotonta muka sani a waya, ba mu taɓa zama mun bi abin da take faɗa a majalisa ba. Da za mu bi, za mu tarar wasu maganganun nata kare mu suke yi, wasu kuwa mu ɗin suke tuhuma.

An haife ta a Mogadishu a 1982. Yaƙin basasar Somaliya ya kori iyalinsu tana ƙarama, suka yi shekara huɗu a sansanin 'yan gudun hijira a Kenya, sannan a 1995 Amurka ta karɓe su. Ta zama 'yar ƙasa a 2000 tana da shekara 17. A birnin Minneapolis na jihar Minnesota akwai wata unguwa, Cedar-Riverside, da Somaliyawa suka cika har ana yi mata laƙabi da ƙaramar Mogadishu. Wato dai zango ce irin tamu: masallatai, shagunan 'yan'uwa, wanda ya sauka yau ya nemi gidan wanda ya riga shi zuwa. Mazaɓar da wannan unguwa ke ciki ce ta tura ta majalisar jiha a 2016, sannan a 2018 aka zaɓe ta majalisar wakilai ta tarayya. Ita da Rashida Tlaib ne mata Musulmi na farko da suka shiga wannan majalisa. Akwai ƙa'idar da ta hana rufe kai a zauren tun 1837, sai da aka gyara ta a Janairun 2019 don ta zauna da ɗankwalinta.

Wata shida bayan haka, a Yulin 2019, Trump ya rubuta cewa ita da wasu 'yan majalisa mata uku su koma inda suka fito, alhali ukun a Amurka aka haife su. Kwana kaɗan bayan nan, a wani gangami a North Carolina, taron jama'a ya riƙa ihu a mayar da ita. To mu wannan ba sai an yi mana fassara ba. Wane ne a cikinmu ba a taɓa ce masa ya koma Arewa ba, a tasha ko a kasuwa, ko da kuwa cibiyarsa da ta ubansa a nan aka binne su?

Ra'ayinta kan baƙi a bayyane yake. Akwai mutane sama da miliyan 10 a Amurka da ba su da takardar zama, da yawansu sun yi shekaru suna aiki, sun haifi 'ya'ya a can. Ita tana ganin a buɗe musu hanyar zama 'yan ƙasa. Ta yaƙi umarnin Trump na 2017 da ya hana mutanen wasu ƙasashen Musulmi shiga, umarnin da a farkon 2020 aka faɗaɗa shi ya shafi 'yan Najeriya masu neman bizar zama, kafin Joe Biden ya soke shi a ranar da ya hau mulki a 2021. Ta kuma kawo ƙudurin soke wata tsohuwar doka ta 1798 da ta ba shugaban ƙasa ikon tsarewa ko korar 'yan ƙasar da ake yaƙi da ita, ba tare da an tabbatar da laifin kowane mutum ɗaya ba. Da wannan doka aka yi aiki a kan Japanawa da Jamusawa da Italiyawa mazauna Amurka lokacin Yaƙin Duniya na Biyu. Sunan da ta ba ƙudurin nata ma'anarsa maƙwabta ne, ba abokan gaba ba. Bai wuce ba, kuma a Maris na 2025 Trump ya sake zaro dokar ya yi aiki da ita a kan 'yan Venezuela.

A ƙarƙashin duk wannan akwai tambaya guda, kuma tsohuwar tambaya ce: daga ina haƙƙin mutum a gari yake fitowa? Wasu sun ce daga kabarin kaka. Wanda kakansa ya sare dajin shi ke da garin, sauran duk masu cin arziki ne, a bar su in an ga dama, a sallame su in an gaji. Ilhan da masu ra'ayinta sun ce daga zama ne da gumi. Wanda ya zauna a wuri, ya bi dokarsa, ya biya harajinsa, ya binne mamatansa a ƙasarsa, ya zama ɗan wurin, kuma ba alfarma aka yi masa ba.

Mu a nan ba ma buƙatar dogon tunani kafin mu zaɓi amsa ta biyu, don ita ce ta dace da mu. An kafa Sabo a 1916. Kakanninmu sun kawo shanu sun kai goro Arewa tun kafin a san za a yi wata ƙasa mai 'yanci da ake kira Najeriya. Sashe na 41 na kundin tsarin mulkin 1999 ya ce ɗan Najeriya yana da 'yancin zama ko'ina a ƙasar, sashe na 42 ya hana nuna masa bambanci saboda ƙabila ko wurin asali ko addini. Amma wannan kundin ne dai, a sashe na 147, ya ce a naɗa minista daga kowace jiha kuma ya zama ɗan asalin jihar. Daga wannan kalma ta asali ake kai wa ga takardar ƙaramar hukuma, wadda in babu ita yaro ba ya samun gurbin jiha a jami'a, ba ya samun tallafin karatu, ba ya shiga soja ko ɗan sanda da sunan inda aka haife shi. Kowa ya san gidan da aka tura yaro wani ƙauye a Katsina ko Sakkwato da bai taɓa gani ba, ya je yana ƙoƙarin gyara Hausarsa da ta sha Yarabanci, wai don a sa masa hannu cewa shi ɗan can ne. A can ana kiransa ɗan Kurmi, a nan ana kiransa ɗan Arewa.

Ya kamata dai mu yi wa mai gari adalci, don tsoronsa ba mugunta ce zalla ba. Mutumin da ya ga harshensa yana raguwa a kasuwar garinsu, filayen danginsu suna komawa hannun wasu, yana da dalilin damuwa, kuma ƙasa tana da ikon sanin wanda ke shigowa ta iyakarta. Masu zaɓen Trump ba dukansu ne maƙiyan baƙar fata ba. Akwai talakan da aka rufe masana'antar garinsu, aka ce masa baƙo ne ya jawo, ya yarda. Abin da muke gani shi ne akwai abin da gado ke bayarwa, akwai kuma abin da zama ke bayarwa, kuma haɗa su ne ke kawo rigima. Babu ɗan Sabo mai hankali da ke neman a naɗa shi Olubadan. Wannan na masu shi ne. Ko Ilhan ɗin, duk da kujerarta, tsarin mulkin Amurka bai ba ta damar zama shugabar ƙasa ba, tunda ba a haife ta 'yar ƙasa ba. Amma kujerar aji ga yaro, gadon asibiti, ƙuri'a, da tabbacin cewa in wani ɗan Arewa ya yi laifi shi za a kama ba a ƙone wa sauran rumfuna ba, kamar yadda muka gani a Shasha a Fabrairun 2021, waɗannan ba gadon kowa ba ne.

Har zuwa nan duk muna gyaɗa kai. Wurin da maganar ke fara ɗaci shi ne in aka juyo da ita gida.

A Janairun 1980, gwamnatin tarayya ta Shehu Shagari ta ɗauki Alhaji Shugaba Abdurrahman Darman, shugaban masu rinjaye a majalisar dokokin jihar Borno, ta kai shi Chadi ta ajiye, wai ba ɗan Najeriya ba ne. Zaɓaɓɓen ɗan majalisa ne fa, ɗan jam'iyyar adawa ta GNPP. Sai da kotu ta ce an zalunce shi. Abin da taron North Carolina suka yi ihunsa da baki, mu mun aikata shi da mota shekara 39 kafin nan. A 1983 kuma aka kori baƙi marasa takarda daga ƙasar nan, 'yan Ghana kaɗai kusan miliyan ɗaya, har yau muna kiran jakar da suka zuba kayansu da sunan korarsu muna dariya. Da yawa a lokacin sun ce ramuwa ce, don a 1969 gwamnatin Busia ta kori baƙi daga Ghana, Yarabawa da Hausawan zango suka dawo da abin da hannu zai iya ɗauka. Wato mun ɗanɗana, mun san zafinsa, da dama ta zo hannunmu kuma muka yi wa wani.

Sannan ga Sabon Garin Kano. Inyamurin da aka haifa a can, ubansa ma a can, yana jin Hausa fiye da wasu 'ya'yanmu na nan, wace takarda yake samu? In muka ce a'a, ai shi daban ne, to mu faɗi da me ya bambanta da yaronmu. Lokacin da aka yi rikicin Shagamu a Yulin 1999, gawarwaki da waɗanda suka tsira suka isa Kano, wa aka far wa? Yarabawan Kano, mutanen da ba su san hawa ba ba su san sauka ba, waɗanda laifinsu kawai shi ne su ne 'yan zangon can. Laifi tudu ne, in ji Bahaushe. Mukan yi alfahari da Malam Umaru Altine, Bafulatanin Sakkwato da mutanen Inugu suka zaɓa magajin garinsu a shekarun 1950, kuma abin alfahari ne. Amma yabon na waɗanda suka zaɓe shi ne. Mu yaushe muka rama?

Wani zai ce mu 'yan Sabo ba mu da iko da abin da ake yi a Kano. Gaskiya ne. Amma muna da baki a gidajen 'yan'uwanmu in mun je Sallah ko biki, kuma mun fi kowa cancantar faɗa musu yadda kwanan baƙo yake a daren da gari ya rikice.

Kan batun 'yancin ɗan ƙasa, a mazaɓar Ilhan ne ɗan sanda ya danne wuyan George Floyd da gwiwa har ya mutu, ranar 25 ga Mayun 2020. Ta goyi bayan a rushe rundunar 'yan sandan Minneapolis a kafa wani sabon tsari. A Nuwamban 2021 aka kai maganar gaban masu zaɓen birnin, suka ƙi. Mu ma a nan muna ganin ta yi nisa. Talakan da ɓarawo ke haura wa katanga ba ya son a rushe caji ofis, so yake in ya je a saurare shi ba tare da an tambaye shi kuɗin mai ba. Ta kuma taɓa yin wata magana kan kuɗi da goyon bayan Isra'ila a 2019 wadda aka ce ta taɓa Yahudawa a matsayin al'umma, ta fito ta nemi afuwa. Ba waliyyiya ba ce, 'yar siyasa ce.

Amma akwai wani abu a tarihin can da ya kamata mu riƙe. Baƙaƙen Amurka, jikokin bayi, su suka sha duka da kurkuku har aka yi dokar 'yanci ta 1964 da dokar zaɓe ta 1965. A wannan shekara ta 1965 kuma aka soke tsarin da ke fifita Turawan arewacin Turai wajen ba da izinin shiga ƙasar. Ƙofar da wasu suka fasa da jininsu ita ce Basomale da ɗan Najeriya suka shiga daga baya. Haƙƙi in aka rubuta shi a doka ba ya tsayawa a kan wanda ya nema kaɗai.

Kuma nan ne abin da ba a cika faɗa a wajen mai shayi ba. Ilhan tana goyon bayan auren jinsi da 'yancin zubar da ciki, tana kaɗa ƙuri'a a kan haka a fili. Addininmu bai yarda da wannan ba, mu ma ba mu yarda ba, kuma ba za mu ɓoye don muna son ta ba. Hujjarta ita ce dokar da ta kare ɗankwalinta a ƙasar da Musulmi ba su kai kashi biyu cikin ɗari ba ita ce ke kare wanda ba ta yarda da rayuwarsa ba, in ta yarda a cire wani daga inuwar, gobe ita za a cire. Ba dole ne mu bi ta har ƙarshen wannan hanya ba. Sai dai tambayar da ke ciki ba ta tafiya don mun kau da kai: mu da muke 'yan tsiraru a nan, muna son hukuma ta kare masallacinmu da kiran sallarmu na asuba a garin da ba kowa ke so ba, me muke cewa in an hana wani fili ya gina coci a garuruwan iyayenmu? Ba sai mun ce addininsa daidai ne ba. Najjashi bai zama Musulmi ba tukuna lokacin da ya ƙi miƙa Sahabbai ga 'yan aiken Ƙuraishawa.

Sai batun arziki, wanda a ganinmu shi ne ya fi kusa da mu, shi ne kuma muka fi gudu. Mafi ƙarancin albashi na tarayya a Amurka dala 7.25 ne a awa, bai motsa ba tun 2009. A 2019 Ilhan tana cikin waɗanda suka nemi a kai shi dala 15. Ita da Sanata Bernie Sanders sun kawo ƙudurin ciyar da kowane ɗan makaranta kyauta, ba sai an tantance wane ne ɗan talaka ba, don kada yaro ya ji kunyar karɓar abinci a gaban 'yan ajinsu. A tarayya bai wuce ba, amma jiharta ta Minnesota ta yi irin wannan doka a 2023. A Disamban 2018, kafin ma a rantsar da ita, ta je ta tsaya da ma'aikatan wani rumbun ajiyar kaya na Amazon a garin Shakopee, galibinsu Somaliyawa, da ke kukan cewa saurin aikin da ake buƙata daga gare su ba ya barin su ko sallah su yi a natse.

Abin da take ƙoƙarin nunawa shi ne maganar baƙo da maganar albashi magana ɗaya ce. Mutumin da ba shi da takarda ba ya kai ƙara. In mai gona ko mai kamfani ya danne masa rabin kuɗinsa, shiru zai yi, don in ya je hukuma shi za a kama. Shi ya sa yake da arha, shi ya sa ake son ɗaukarsa, kuma arharsa ce ke karya farashin ɗan gari. Sai ɗan gari ya juya ya tsani baƙon, mai kamfanin kuwa yana gefe yana ƙirga riba. In aka ba baƙon haƙƙi, arhar ta ƙare, ɗan garin ma ya samu sauƙi.

Yanzu mu leƙa zaurukanmu. Wa ke kwana a ciki? Yaran da suka sauko daga tirela a kan buhunan albasa, 'yan ci-rani daga Zamfara da Katsina da 'yan bindiga suka raba da gonakinsu, 'yan Nijar daga Maraɗi da Tawa, masu dako, masu turin baro, masu ga-ruwa, masu acaɓa, masu wankin takalmi. Mu da muka daɗe, muna da gidaje da shaguna, muna jin Yarabanci, mun san ƙofar kansila, mu ne 'yan asali a idonsu. Kuma wallahi kalmomin da ake faɗa mana su muke faɗa musu. Su ne suka ɓata mana suna. Su ne ba su da tarbiyya. A da ba haka unguwar nan take ba. In wani abu ya ɓace, su ake fara dubawa. In hukuma ta zo kame, mukan yi saurin cewa ba namu ba ne, baƙi ne.

Ba mu musun cewa a cikinsu akwai ɓata-gari, kuma daidai ne masu unguwa su san wanda ya sauka da wanda ya saukar da shi. Ba mu kuma musun alherin tsarin da muka gada. Maigida ya sauke fatake, ya ciyar da su, ya tsaya musu a ciniki, ya ɗauki yaro ya koya masa sana'a, ya yi masa aure, ya ba shi jari. Da wannan aka gina Sabo, kuma gidaje da yawa har yau suna yi. Amma mu faɗa wa juna gaskiya, a wasu wuraren sunan ne ya rage. Yaro ya yi shekara bakwai a shago daga safe har dare, ba albashi tsayayye, ana ce masa za a sallame shi, ranar da ya tuna wa maigida sai a ce ya yi rashin kunya ko a ce kuɗi sun ɓace. Mai gadi yana kwana a waje cikin ruwan damina a kan kuɗin da ba zai sayi rabin buhun masara ba. Ɗan dako ya sauke kaya, a ce ya dawo gobe. Ana yi musu haka ne don dalilin da ya sa ake yi wa ɗan Mexico a gonakin California: ba su da inda za su kai ƙara.

A Yulin 2024 aka mayar da mafi ƙarancin albashi a Najeriya naira 70,000, amma dokar ba ta hau kan mai ma'aikata ƙasa da 25 ba. Kusan duk shagunanmu da rumfunanmu ke nan. Babu sufeton da zai zo ya duba littafin Alhaji. Abin ya rage tsakanin mutum da Ubangijinsa, da kuma idon jama'a, in jama'ar ta yarda ta buɗe ido. Mun sha ji daga malamanmu yadda aka tsananta kan biyan ɗan ƙwadago a kan lokaci, mun san matafiyin da guzuri ya yanke masa yana cikin masu rabon zakka. Ba daga Minnesota za a koya mana wannan ba. Abin kunyar dai shi ne sai mun ji shi daga bakin wata a talabijin muke tafawa.

Akwai abin da fadar Sarkin Hausawa da kwamitocin masallatai za su iya yi ba tare da jiran Abuja ba. In za a ɗauki yaro shago, a rubuta shekarun da zai yi da abin da za a sallame shi da shi, a gaban shaidu biyu, kamar yadda ake yi wa bashi. A sa rana ɗaya a mako da ɗan ci-rani zai iya kawo ƙarar maigida, a zaunar da su a tabarma ɗaya, ko da maigidan shi ya sa wa masallaci tayil. Mun kawo wannan shawara ga wasu dattawa kwanan baya. Ɗaya ya ce abu ne mai kyau, a bari sai bayan Sallah. Ɗayan ya yi shiru, can ya tambaye mu wa zai zauna ya saurari ƙarar, tunda duk waɗanda ake sa ran su zauna ɗin suna da yara a shagunansu.